Asusu Biyar a Kwamfuta Ɗaya: Wane Furosesa Ne Zai Ɗauki Nauyin?

A wasan EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003, ba baƙon abu ba ne a ga jirage biyar sun jeru suna haƙar ma'adinai a sararin samaniya, wani ƙaton jirgi na shida yana gefe yana ƙara musu ƙarfi yana karɓar kaya, alhali mutum ɗaya ne ke tuƙa su duka daga ɗakinsa. Kowane jirgi da asusunsa, kowane asusu da tagarsa a kan allo. Kamfanin bai hana ba, muddin asusun na biya ne ba na kyauta ba. A wasan Dofus na kamfanin Ankama da ke Faransa, al'adar ta yi ƙarfin da sai da aka ware wa masu asusu ɗaya tak nasu wurin, don kada masu tawaga su danne su.

Wanda ya taso da wasannin waya ma ya san wannan harka ta wata fuskar. Masu buga Rise of Kingdoms da Lords Mobile kan buɗe ƙananan asusai da ba su da aiki sai noma da tara katako da duwatsu, su riƙa turawa babban asusunsu. Da abin ya fi ƙarfin waya, sai a koma kwamfuta, a sa manhajar da ke kwaikwayon wayar Android, irin su BlueStacks da LDPlayer da MEmu, a buɗe taga huɗu ko biyar a lokaci guda. A nan ne kwamfutar da ke buga wasa ɗaya lafiya lau take fara sarƙewa, fanka na kuka, hoto na tsinkewa. Mai ita kuwa sai ya nufi kasuwa da tambaya ɗaya a baki: wane furosesa ne mai araha da zai iya?

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma a cikinsa akwai cibiyoyin lissafi da yawa, kowace tana aikinta. Yawancin wasanni, musamman tsofaffin da dubban mutane ke haɗuwa a ciki, suna jibga mafi nauyin aikinsu ne a kan cibiya ɗaya ko biyu. Shi ya sa mai wasa ɗaya ya fi buƙatar cibiya mai gudu. Mai asusu biyar kuwa halinsa daban ne. Kamar shagon ɗinki ne ana saura kwana uku sallah: tela ɗaya, komai saurinsa, ba zai kai teloli shida masu matsakaicin hannu ba idan kaya suka taru, amma teloli goma sha huɗu masu nawa su ma ba za su fitar da babbar riga ɗaya da wuri ba. Abin nema shi ne cibiyoyi isassu, waɗanda kuma kowace tana da ɗan kuzari.

A ajin masu araha, suna biyu ne suka daɗe suna riƙe da wannan matsayi. Akwai Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a Afrilun 2022 a kan dala 199, da Core i5-12400F na Intel, wanda ya riga shi fitowa a Janairun wannan shekarar, shi ma ƙasa da dala 200. Kowannensu yana da cibiya 6, kuma kowace cibiya tana jan layin aiki biyu, wato layi 12 ke nan. Ga mai son asusu uku zuwa biyar na wasan da ba shi da nauyi sosai, waɗannan sun wadatar, kuma kuɗin da aka rage ya fi amfani a wani ɓangaren kwamfutar. Wanda zai haura haka, ko yake son ya bar bidiyo da hira suna gudana a gefe, Ryzen 7 5700X mai cibiya 8 da layi 16 shi ne matakin gaba, kuma yana zama a kan madabod (babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta) iri ɗaya da 5600, wato mai mazaunin AM4. Wannan mazauni ya daɗe a kasuwa, don haka ana samun na hannu da yawa. Sai dai tsofaffin madabod irin B450 suna buƙatar a sabunta musu BIOS kafin su gane sabon furosesa, abin da ya kamata a tambaya tun kafin a biya.

Akwai inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Harafin F a ƙarshen sunan furosesan Intel yana nufin ba shi da sashen hoto a cikinsa. Ryzen 5 5600 ma haka yake. Idan babu katin hoto daban, allo ba zai nuna komai ba. Wanda aljihunsa bai kai katin hoto ba yakan koma Ryzen 5 5600G, mai ɗauke da nasa sashen hoton. Yana aiki, amma da sadaukarwa: ƙaramar ma'ajiyar da ke jikin furosesan, wadda yake ajiye abin da zai buƙata nan take, ta ragu daga megabait 32 zuwa 16, sannan sashen hoton yana cin rabonsa ne daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar. Wannan ma'ajiya ba ƙaramin abu ba ce a wasannin da ake cinkoso cikin birni ɗaya. Lokacin da AMD ya fitar da 5800X3D mai megabait 96 a 2022, masu irin waɗannan wasanni suna cikin waɗanda suka fi ganin bambanci.

Sai maganar Xeon, wadda ke ɗaukar hankalin duk mai neman araha. A kasuwar intanet ta AliExpress ana sayar da tsofaffin furosesa da aka ciro daga manyan kwamfutocin kamfanoni, a haɗa su da madabod ƙirar Sin mai suna X99 da RAM, a kuɗi kaɗan. Fitacce a cikinsu shi ne Xeon E5-2680 v4. A 2016 ana sayar da shi sama da dala 1,700, kuma yana da cibiya 14 da layi 28. Ga wanda burinsa shi ne ya jera tagogi goma na wasan noma da ba ya buƙatar saurin hannu, gaskiya yana ɗaukar nauyi. Amma kowace cibiyarsa ba ta kai ta Ryzen 5600 gudu ba, don haka babban asusun da ake yaƙi da shi zai ji nawa. Yana cin wat 120, inda 5600 da 5700X ke ajin wat 65. Ba ya cikin jerin waɗanda Microsoft ya amince da su a Windows 11, ga shi kuma an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ingancin madabod ɗin ma sai sa'a, kuma mayar da kaya Sin idan ya lalace ba ƙaramar wahala ba ce. Mai gyaran kwamfuta da ya san hannunsa zai iya moriyar Xeon. Wanda kwamfutarsa ta farko ke nan, gara ya bar shi.

Tarkon da ya fi kama mutane a kasuwannin kayan hannu, daga Computer Village ta Ikeja zuwa titin Beirut a Kano, shi ne sunan i7. Mai saye ya ji an ce i7 sai hankalinsa ya kwanta. Alhali i7-7500U da ke cikin laftof da yawa na wajen 2016 da 2017 cibiya biyu kacal gare shi, yayin da i5-8250U da ya biyo bayansa yake da huɗu. Lambar da ke bayan sunan ita ce ke faɗin tsara, kuma tsara ta takwas ita ce inda Intel ya ƙara yawan cibiyoyi, ita ce kuma mafarin abin da Windows 11 ke karɓa. Tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP mai i7-8700, cibiya 6 da layi 12, tana iya zama mafita mai sauƙin kuɗi, in dai an lura cewa ƙananan akwatunansu ba sa ɗaukar babban katin hoto.

Sau da yawa ma ba furosesa ne ke gajiya da farko ba, RAM ce. Lissafin a fili yake. Idan aka ba kowace taga gigabait 3, taga biyar sun cinye 15, Windows bai ɗauki nasa ba tukuna. Kwamfuta mai gigabait 16 za ta fara jingina da faifan ajiya, komai ya yi sanyi, mai ita kuma ya ɗora wa furosesa laifin da ba nasa ba. Ga mai asusu biyar, furosesa mai cibiya 6 da RAM gigabait 32 ya fi mai cibiya 8 da 16 amfani. A sayi sanda biyu maimakon ɗaya, domin biyun suna buɗe hanya biyu ta shigar bayanai.

Akwai gyare-gyare biyu da ba sa cin ko kwabo. Manhajojin kwaikwayon waya suna buƙatar a kunna wani saiti a BIOS, wanda Intel ke kira VT-x, AMD kuma SVM. In yana kashe, ko dai su ƙi tashi ko su yi ta jan ƙafa. Na biyu, tagar da ba a kallo ba ta buƙatar hoto 60 a daƙiƙa. BlueStacks yana da yanayin tsimi da ke rage wannan, wasan World of Warcraft ma yana da saitin rage hotunan tagar da ke baya. Wannan kaɗai kan sauke nauyi mai yawa.

Ga mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, wat ba lamba ce kawai a jikin kwali ba. Asusai da yawa suna nufin kwamfuta tana aiki awanni ba hutu, kuma furosesa idan ya doshi digiri 90 zuwa sama yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe fanka. Sannan ga kuɗin wuta: a Afrilun 2024 aka ɗaga farashin masu rukunin Band A a Najeriya zuwa naira 225 kan kowane yunit, kuma wanda ke kan sola da inbata ya san abin da ƙarin wat 50 ke yi wa batir da dare.

Kafin a kashe kuɗi, wajibi ne a karanta dokar wasan. Buɗe asusu da yawa daban, sa maɓalli ɗaya ya motsa su duka daban. CCP ya haramta na biyun tun farkon 2015, kamfanin Blizzard ma ya hana manhajojin da ke yin haka a World of Warcraft a Nuwamban 2020. Wanda aka kama yana iya rasa asusun da ya shekara yana ginawa, kuma babu furosesan da zai dawo masa da shi.

Wanda yake da kwamfuta a hannu, ya fara gwada ta. Ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, sannan ya riƙa ƙara asusu ɗaya bayan ɗaya yana duba wane ma'auni ne ya fara cika: na furosesa, na RAM, ko na katin hoto. Shi ne abin da zai saya. A shago kuma, ya nemi a kunna masa kwamfutar ya ga sunan furosesan da yawan cibiyoyinsa da idonsa a wannan shafin. Idan Ryzen na hannu ne mai AM4, ya juya shi ya duba ƙananan ƙafafun da ke ƙasansa a cikin haske, domin suna lanƙwashewa da sauƙi. Idan kuma Intel ne, ƙafafun suna jikin madabod, can zai duba.