Shirya Takardun Neman Karatun Digiri Na Biyu A Riyad

Iyaye da dama sun sha tare ni bayan taron ƙungiya suna tambayar yadda ɗana ya samu gurbin karatun digiri na biyu a nan Riyad. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muka koya, domin na baya ya huta.

Da farko a san cewa manyan jami'o'in gwamnati a Riyad su ne Jami'ar Sarki Sa'ud, wadda aka kafa a 1957, da Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud, sai Jami'ar Gimbiya Nura ta mata zalla. Wanda ba ɗan ƙasa ba yakan shiga ne ta hanyar tallafin karatu da ake kira minha, kuma iri biyu ce. Akwai ta cikin gida, ga mai iƙama wadda ba ta mutu ba, akwai kuma ta waje, ga wanda yake Kano ko Maraɗi. Tun 2022 Ma'aikatar Ilimi ta buɗe shafin intanet na "Udrus fis Sa'udiyya" inda ɗaliban waje ke cike fom. A ƙa'idar minha, mai neman digiri na biyu kada ya wuce shekara 30, na uku kuma 35.

Takardun da ake nema sun haɗa da shaidar digirin farko, da takardar makin darussa ta shekara shekara, da fasfo, da wasiƙun tazkiyya daga malaman da suka koyar da ɗalibi, galibi guda biyu. Yawancin sassa suna son sakamakon da bai gaza "jayyid jiddan" ba. Wasu kan nemi jarrabawar Turanci kamar IELTS ko STEP, wasu kuma jarrabawar ƙudurat ta masu digiri da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa. Kowane sashe da sharaɗinsa, don haka a karanta na sashen da ake so da kyau.

To, inda gizo ke saƙar shi ne takardun gida. Digirin da aka yi a Nijeriya sai an buga masa hatimin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. Mu mun ɗauka aikin mako biyu ne. Takardar makin kaɗai sai da ta cinye wata huɗu kafin ta fito daga makarantar da ya gama, ga ƙanina yana ta zirga-zirga. Da ta iso kuma sai muka tarar an rubuta "Mohammed" a jikinta, alhali fasfo yana ɗauke da "Muhammad". Kafin mu gyara, an rufe karɓar takardu. Haka yaron ya yi asarar shekara guda yana zaune a gida.

Saboda haka shawarata ita ce a fara da takardun gida shekara ɗaya kafin lokaci. A baza su a tabarma, a gwada suna da ranar haihuwa harafi da harafi, har da rubutun Larabci na iƙama. Idan an buƙaci fassara, a kai wa ofishin tarjama mai lasisi. Malamin da zai rubuta tazkiyya a sanar da shi da wuri, a tuna masa darasin da ya koyar da shekarar, domin ɗalibansa suna da yawa. A kuma ajiye hoton kowace takarda a kwamfuta.

A shekara ta biyu komai namu yana hannu tun kafin a buɗe fom, cikin yini ɗaya muka gama. Da ma Hausawa sun ce da safe ake kama fara. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.