Masu Ƙera Ƙwarin Wata Duniya

Akwai mutanen da ke cin abinci da tambaya irin wannan: idan ƙwaro ya kai tsawon mutum, kuma yana da hankalin da zai ƙera kumbo ya ratsa sararin samaniya, ta ina zai yi numfashi? Su ne masu ƙirar halittun ƙage. Wasunsu kamfanonin fim da na wasannin kwamfuta ke ɗaukar su kwangila, wasu kuma marubuta ne da ke aikin su kaɗai a ɗaki. Kasuwarsu tana ci a Amurka da Ingila da Kanada da New Zealand.

A harkar fim, darakta ne ke faɗin abin da yake so a taƙaice. Mai zane sai ya fara da inuwa, wato ƙananan siffofi baƙaƙe barkatai, domin halittar da ba a gane ta daga inuwarta ba ta zama a ran mai kallo. Wadda aka zaɓa a gina ta da yumɓu ko a sassaƙa ta a manhajar ZBrush, daga nan a miƙa wa masu sa mata gaɓoɓi don ta motsa. A nan asirin malalacin mai zane ke tonuwa, don ƙafar da aka zana saboda kyau kawai ba ta lanƙwasuwa. Shi ya sa gwanayen sana'ar da yawa suka biyo ta ilimin dabbobi. Terryl Whitlatch, wadda ta zana halittun fim ɗin Star Wars na 1999, ta karanci ilimin dabbobi. Wayne Barlowe, mai littafin Expedition na 1990, iyayensa duka biyu masu zanen dabbobi da tsirrai ne.

Ƙwaro dai ba shi da huhu. 'Yan ƙofofi ne a gefen jikinsa, iska ta shiga ta bi siraran bututu har ta isa tsoka. Dabarar tana yi wa fara da gyare aiki, amma da jiki ya yi kauri sai iskar ta kasa kaiwa can ciki, kamar yadda masanin nan J.B.S. Haldane ya yi bayani tun 1926. Kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce an yi wani ƙwaro mai kama da mazari, Meganeura, wanda buɗin fikafikansa ya kusa santimita 70, kuma a zamaninsa oksijin da ke cikin iska ya haura kashi 30 cikin ɗari, alhali yau kashi 21 ne. Ga kuma nauyi. Galileo ya nuna a 1638 cewa in ka ninka girman dabba sau 10 ta kowane ɓangare, nauyinta zai ninku sau 1,000, amma kaurin ƙafar da ke ɗauke da ita sau 100 kawai. Tururuwa mai girman doki ƙafafunta za su karye tun ba ta taka ba. Cikin duk masu ɓawo a waje da ke rayuwa a doron ƙasa, kaguwar kwakwa ce ta fi girma, ita ma nauyinta bai wuce kilo 4 da 'yan kai ba.

Saboda haka dole mai ƙira ya biya farashin girman da ya nema. Ko ya rage ƙarfin jan ƙasa na duniyar da ya ƙaga, ko ya ƙara wa iskarta oksijin, ko ya ba ƙwaron huhu. Marubuci Alan Dean Foster ya bar wa ƙwarinsa, Thranx, ƙofofin numfashi a ƙirji, sannan ya bi abin har ƙarshensa: ruwan da mutum zai tsaya a ciki yana wasa, su kam kashe su zai yi, don haka al'umma ce mai tsoron ruwa. A littafinsa Nor Crystal Tears na 1982, ta idon ƙwaron ake ganin labarin, kuma mu ne dodannin, halittu masu laushi da suka ɓoye ƙashinsu a ciki suka bar nama a waje.

A ganina nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo kan kumbura tururuwa ya riƙa mata bindiga. Gwani kuwa jiki yake bari ya haifi al'ada. Mai ɓawo ba ya girma sai ya yi saɓa, kuma kafin sabon ɓawon ya yi tauri ko kare kansa ba ya iyawa. To wa zai tsaya masa a waɗannan kwanaki? Duk amsar da aka bayar, daga cikinta zumunci da amana da cin amana na wannan al'umma za su fito. Haka batun magana. Tururuwa da wari take isar da saƙo, kuma wari yana zama a wuri bayan mai shi ya tafi. Al'ummar da ke magana da wari, wanda ya shigo zaure da yamma zai tarar da gardamar da aka yi da safe tana nan, kuma ɓoye tsoro zai yi mata wuya ƙwarai. Masani E.O. Wilson da abokan aikinsa sun gano a 1958 cewa wani sinadari da ke fita daga gawa shi ke sanar da tururuwa mutuwa. Da aka shafa shi a jikin mai rai, 'yan uwanta suka ɗauke ta tana mutsu-mutsu suka kai juji. Marubucin da ya san wannan ya samu shari'a, ya samu hanyar korar mai laifi daga gari, bai ƙago komai ba.

Inda sana'ar ta fi yin tuntuɓe shi ne wajen sarauniya. A cikin suri, uwar gara ba ta ba kowa umarni. Kumburarriya ce da ko tafiya ba ta iyawa, tana zuba dubban ƙwai a rana, ma'aikata na ciyar da ita. Fada da mulki mu muka ɗora mata. H.G. Wells ya fara da ƙarfinsa a The First Men in the Moon na 1901, inda mazauna wata ke cusa 'ya'yansu cikin tulu, hannu kawai a waje, don jikin ya tashi daidai da aikin da aka zaɓa masa. Robert Heinlein a Starship Troopers na 1959 ya mayar da ƙwari abokan gaban da ake kashewa ba tare da zuciya ta sosu ba, kuma masu kwaikwayonsa sun cika kasuwa. Orson Scott Card ya fi shi zurfi a Ender's Game na 1985. A wurin ƙwarinsa sarauniya ce kaɗai ke da tunani, ma'aikata gaɓoɓinta ne, don haka da suka kashe mutane ba su san rai suka ɗauka ba.

Fim yana da nasa takunkumin. A District 9 na 2009, wanda Neill Blomkamp ya ɗauka a Johannesburg, baƙin da suka zo daga wata duniya ma'aikata ne da suka rasa shugabanninsu suka ƙare a unguwar marasa galihu. Kamfanin Weta Workshop ya zana su, kamfanin Image Engine na Vancouver ya motsa su, kuma duk da ɓawo da ƙahonin da ke kansu, an tsayar da su da ƙafa biyu, an ba su idanu masu nuna damuwa, don mai kallo ba ya tausayin fuskar da ba ta motsi. (Wannan ne fim ɗin da ministar yaɗa labarai ta wancan lokacin, Dora Akunyili, ta nemi a daina nunawa a Najeriya saboda yadda ya siffanta 'yan ƙasar. Ƙwarin sun samu kulawar da 'yan Najeriya ba su samu ba.)

Mai littafi ba shi da wannan dole. Adrian Tchaikovsky, wanda ya karanci ilimin dabbobi a Jami'ar Reading, ya ɗauki gizo-gizo mai tsalle, wanda a wurin masana ma ba ƙwaro ba ne tunda ƙafarsa takwas, ya gina masa wayewa a Children of Time na 2015. Suna magana da girgiza zare da motsin 'yan hannayen baki, sun horar da tururuwa tana yi musu lissafi, kuma babbar gwagwarmayar siyasarsu ita ce ta mazan da ke neman a kafa dokar hana mata cinye su bayan saduwa. Littafin ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2016.