"Ni Ma Haka Na Yi, Ban Ga Komai Ba"

Da zarar ciki ya fito sai masu ba da shawara su yi yawa: uwar miji, maƙwabciya, mai tallar magani da lasifika a kasuwa. Yawancinsu alheri suke nufi. Sai dai mutum yakan karɓi magana saboda girman wanda ya faɗe ta, ba don ya auna ta ba. In Hajiya ce ta faɗa, kunya ma ba ta barin a yi musu.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce: "Haihuwata tara, na sha kunun kanwa, na yi wankan jego da tafasasshen ruwa, ban ga komai ba." Gaskiyarta. Amma wadda abin ya yi ajalinta ba ta nan balle ta ba da nata labarin. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da gasa jiki.

Haka batun kumburi. Za a ce miki nauyin ciki ne kawai. To, in fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, yana iya zama hawan jini, wanda kan kai ga jijjiga. Ido ba ya gane shi sai an gwada, kuma daga 140/90 zuwa sama akwai matsala. Ki zo asibiti ran nan, kada ki jira ranar awo.

Duk maganin da aka ba ki a gida, ki kawo wa malaman jinya su gani kafin ki sha. Mu ma in mun ba ki umarni, ki tambayi dalili. Maigida, ka rako ta, a taho da Hajiya ta ji da kunnenta.