Dokar Magani: Daga Ina Ta Samo Asali, Me Ta Tsinana?

A 1937, wani kamfanin Amurka ya narkar da maganinsa cikin dayetilin gilaikol, sinadari mai ɗan zaƙi da ke lalata ƙoda. Sama da mutum 100 suka mutu, kuma a lokacin babu dokar da ta tilasta gwaji kafin sayarwa. Shekara ta zagayo majalisar ƙasar ta yi ta.

Haka aka yi a Najeriya. A 1990 wannan sinadarin ya shiga ruwan farasitamol, yara sama da 100 suka rasu a Jos da Ibadan. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC mai sa ido kan abinci da magunguna.

Dalilin dokar a fili yake. Mai sayen atamfa zai taɓa ya ja, mai sayen hatsi zai damƙa ya duba. Uwar da ta shiga kemis da dare, yaro na zafin jiki a bayanta, ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin kwalba, sai dai ta nemi lambar rajista a jikin kwali. Dokar tana kare ɗan kasuwa mai gaskiya ma, domin mai jabu kullum ya fi shi araha.

Amma rubuta doka daban, tsare ta daban. Daga 2001 shugabar NAFDAC ta lokacin, Dora Akunyili, ta riƙa ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, har aka harbi motarta a 2003. Duk da haka a 2008 maganin haƙoran jarirai My Pikin, mai ɗauke da gubar nan dai, ya kashe yara 84. Sai a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikata biyu na kamfanin da ya haɗa shi shekara bakwai-bakwai.

Dokar kuma tana da tsada. A Fabrairun 2024 aka rufe shagunan magani sama da 1,000 a Sabon Garin Kano, aka ce masu sari su koma sabuwar cibiyar Dangwauro, inda ajiya da sa ido suka fi sauƙi. Hujjar hukuma mai ƙarfi ce, domin zafin rumfa yana rage ƙarfin magani. Sai dai ƙananan 'yan kasuwa sun koka da kuɗin shago, kuma wanda ya kasa biya, ko dai ya bar sana'ar ko ya koma sayarwa a ɓoye, inda jami'in bincike ba ya leƙawa.