Sauke Inji a Ƙofar Gida: Me Ya Kawo Shi, Ina Zai Kai Mu?

A Turai da Amurka, wanda ya ajiye tsohuwar mota yana warware injinta a ranakun hutu, nishaɗi yake yi, don yana da wata motar da yake hawa. A Wanke da garuruwan Gusau, Tsafe da Bungudu ma ana ƙara ganin masu mota suna sauke inji da kansu a ƙofar gida, sai dai su motar ce abincinsu. Golf ce da ke ɗaukar fasinja, ko akori-kura mai kai buhunan masara da waken suya kasuwa.

Dalili na farko kuɗi ne. A da, idan inji ya buga, ba a ɓata lokaci: a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ɗauko na Beljiyam a ɗora. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, lissafin ya rushe. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 1,000. Injin Beljiyam da dala ake shigo da shi. Direban da mai ya cinye ribarsa ba shi da kuɗin inji sukutum, amma zai iya sayen ringi da metal da gaskit.

Sai kuma hanya. Wanda ya san titin da ya tashi daga Gusau ya bi ta Wanke da Magami zuwa Ɗansadau ya san halin tsaro a yankin. Janyo matacciyar mota zuwa gari, tana tafiyar hawainiya, kasada ce da ba kowa zai yi ba. Gara a kira yaron da ya taɓa zama gareji, a buɗe bidiyo a waya, a yi aikin a gida.

Su kansu motocin sun ba da dama. Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna tun bayan buɗe shi a 1975, da tsofaffin Toyota masu kafireta, injinansu a buɗe suke, sifana da basira sun ishe su.

Amfanin a bayyane yake. Mota ta koma hanya da ɗan kuɗi, ilimi kuma ya zauna a gari. Matashin da ya ga yadda fistin ke hawa da sauka, gobe shi zai tayar da injin niƙa, da injin ban-ruwa na 'yan fadama, da babur. A garin da aikin yi ya yi ƙaranci, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin ya cancanci a girmama shi.

Amma akwai inda nake jin takaici. Ka tsaya kan mai wannan aiki ka gani: ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera fistin huɗu, yana wanke su da fetur a tsohon kwano, iska na kwaso ƙura tana zubawa a kai. Ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal ba ta kai kaurin gashin kai ba, ido ba ya auna ta, yatsa ma haka. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su. Kusoshin top silinda kuwa suna da tsarin ɗauri da iyakar ƙarfin da masu injin suka ƙayyade, amma galibi da bututu ake ƙara wa sifana tsawo a danna har sai hannu ya gaji. Bayan 'yan watanni gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, a ce ai gyaran gida ba ya ƙarko. Hannun yana da kyau, ma'auni ne babu. In aka haɗa da jabun ringi da ake cusawa a kwalin na asali, sai mai mota ya biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Ga kuma tsohon baƙin mai da ake malalarwa a kwata ko gefen rijiya, yara na wasa a wurin. Jihar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 bai kamata ta ɗauki guba a ƙasa da wasa ba.

Maganin farko na rashin ma'auni ba mai tsada ba ne. Ƙungiyar makanikai ta NATA na iya ajiye sifanar auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin kauri a kowane babban gari, mai aiki ya ara ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda kuma na iya shirya gajeren horo da Hausa. Ya kamata a hanzarta, domin tsofaffin motocin suna ƙarewa, waɗanda ke maye gurbinsu kuwa kwamfuta ce ke sarrafa mansu da wutarsu, sai an jona na'ura kafin a san ciwonsu, kuma mai gyaran ƙofar gida a Wanke bai mallake ta ba tukuna.