Kukan Sitiyari: Yadda Ake Gane Cutar Mota da Kunne a Hanyar Jibiya

Mazanya ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, daura da Magama, inda hanyar da ta taso daga birnin Katsina take ƙetara iyaka ta shiga Ɗan Isa, ta zarce Maraɗi. Motocin wannan yanki ba su san hutu ba. Kaya ne fiye da ƙima, ga rairayi da rani, ga zaizaya da damina. A lokutan da aka rufe iyaka kuwa, kamar daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, masu motoci da yawa sun koma bin hanyoyin daji. Sashen mota da ya fi ɗanɗana wannan azaba shi ne gaba, wato sitiyari da ƙarafan da suka haɗa shi da tayoyi.

Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, direba ba ya zuwa gareji da sunan cuta, da amsa-kama yake zuwa. Zai ce motar tana yin ƙwas-ƙwas, ko tana ƙiii, ko tana gwaf. Bakanike na ƙwarai ba ya yi wa wannan bayani dariya, domin rabin bincike ke nan. Tambayar da yake ƙarawa ɗaya ce: yaushe take yi?

Idan ƙarar ƙwas-ƙwas ce a jere, kuma tana fitowa ne sa'ad da aka karya sitiyari ƙarshe mota na tafiya a hankali, to zargi ya faɗa kan shaf. Wannan cuta ce ta motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin su Golf. Tsohuwar Fijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, da baya take turawa, saboda haka ba ta san wannan kuka a gabanta ba. Asalin matsalar ƙaramin abu ne: robar da ta lulluɓe gaɓar shaf ta yage, giris ya fice, yashi ya shiga. Yashi da giris in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Da an ga yagewar da wuri, roba da giris kaɗai za a saya. Amma da zarar ƙara ta fara, ƙarfe ya riga ya ci, sai dai canjin gaɓar.

Kuka iri na biyu shi ne gurnani mai tashi da sauka tare da juyin sitiyari, ko da mota a tsaye take. Wannan na motocin da sitiyarinsu ke aiki da famfo da mai ne, dabarar da kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa wa motocin sayarwa a 1951. A nan sai a buɗe tulun mai a duba. In man ya yi ƙasa, akwai inda yake yoyo, kuma ƙara mai ba tare da neman yoyon ba zuba ruwa ne a rariya. In ya yi kumfa, iska ta shiga. Fitar da ita ba wuya: a ɗaga gaban mota da jak, a juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu sau da yawa, ana cika tulun har kumfa ta ɗauke. Wajibi ne a kula da irin man, domin wasu motoci ja suke sha, yawancin motocin Volkswagen kuwa kore, kuma gauraya su kan lalata robobin ciki. Ƙiii mai tsini kuwa, musamman da sanyin safiya, yawanci bel ne ya saki ko ya tsufa. Motocin da sitiyarinsu na lantarki ne ba su da famfo ba su da mai, don haka wannan babi bai shafe su ba.

Na uku shi ne wanda ke kisa, kuma shi ne mafi ƙarancin hayaniya. Gwaf ne guda, ko ƙwal-ƙwal a kan gargada, tare da sitiyarin da ke wasa a hannu kafin taya ta amsa. Tayarod ke nan ko boljoyin, wato gaɓoɓin nan masu kai kamar ƙwallo da ke riƙe da taya. Gwajinsu ba ya bukatar na'ura. A ɗaga motar, a tokare ta da kyau, a kama taya dama da hagu a girgiza. In ta yi wasa, tayarod ne ko kuwa ita kanta sandar sitiyarin. A sake kamawa sama da ƙasa. In ta motsa, boljoyin ne ko boris na taya.

A nan ne talauci kan yi wa hankali fashi. Akwai masu bubbuga gaɓar da guduma don ta matse, ko su cusa mata robar tsohon tiyub. Ƙara takan ɗauke na 'yan kwanaki, amma cin da ƙarfe ya yi yana nan. Ranar da ƙwallon ya fice daga gurbinsa, taya sai ta kwanta ko ta juya inda ta ga dama, sitiyari kuwa ya zama ado a hannun direba. A motar haya mai fasinja cunkushe, a guje, ba sai an faɗi sauran ba. Gyaran gaskiya guda ne: a cire a sa sabo, a ɗaure noti yadda ya kamata, a sa masa fil in mai fil ne. Daga nan a kai motar wurin saita tayoyi, domin tayarod shi ne ke tsaida fuskar taya. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga sabuwar taya ta cinye gefe ɗaya ba da jimawa ba, motar kuma tana jan hannu zuwa bakin titi.