Ƙarfin Aro

Ya kai mai karatu, in ka taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a gonarka a Gude, ko a wani ƙauye na ƙasar Kabo ko Gwarzo, watakila ka ga wani saurayi ya duƙa noma tun da asuba har azahar, bai ɗaga kai ba, bai nemi fura ba. Sai mutane su ce, "Kai, wane namijin duniya ne!" Alhali kuwa sau da yawa ba ƙarfinsa ba ne. Ƙwaya ya haɗiya, wadda a ke kira Tiramol.

To, mene ne Tiramol? Magani ne na kashe zafin ciwo, an fara sayar da shi a Jamus cikin 1977. Ba ya ƙara wa jiki ƙarfi ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya tare labarin ciwo, kada ya kai ga ƙwaƙwalwa. Gajiya kuwa ɗan aike ce, jiki ne ya ke aiko ta a ce maka ka huta. In ka kori ɗan aiken, gajiyar tana nan, kai ne dai ba ka jin ta.

Likita ya kan ba majinyaci ƙwaya mai awo 50 ko 100, kuma ba a yarda a wuce 400 a yini ba. Amma wadda a ke sayarwa a ɓoye har mai 225 akwai. Ka ga ke nan, guda biyu sun ƙetare iyaka. Jiki kuwa sabawa ya ke yi. Wanda ɗaya ta isa bara, bana sai uku. Ran da bai samu ba sai gumi, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. In ya sha da yawa ya kan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. In ya gama ta da giya ko kodin, numfashi na iya ɗaukewa, sai dai jana'iza.

Kada ka zaci abin na 'yan birni ne kaɗai. Rahoton ƙidayar da Gwamnatin Nijeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi, na 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 suna shan kayan maye, ban da giya da taba. A Jihar Kano kuwa, 16 ne cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64.

Saboda haka, in ɗanka ko ƙanenka ya kamu, kada ka ɗaure shi, kada ka kore shi. Cuta ce, tana da magani. Kai shi babban asibitin Gwarzo, gama likita ne ya san yadda za a rage masa sannu sannu. In kuwa ka ɗauki ɗan ƙwadago, ka ba shi abinci da hutu, kada ka yaba masa a kan ƙarfin da ba nasa ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Allah ya kiyaye mu, amin.